Farautar baƙin beyar bayan narkewar ƙanƙara a Kanada da arewacin Amurka: ina ake samun wuri mai kyau? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyin su ne 'yan'uwa suka fi maimaitawa, musamman waɗanda karatu ko aiki ya kai su Alberta, Manitoba, Ontario da irinsu, suka ga abokan aikinsu na ɗaukan hutu a watan Mayu suna loda kaya a mota wai sun tafi farautar beyar. Na tara su wuri ɗaya dan kowa ya huta da maimaici. Dokar farauta tana canzawa kusan duk shekara, saboda haka littafin doka na lardin ko jihar da zaka je shi ne alƙali, ba ni ba.

Wai wane beyar ake magana, kuma wane lokaci ne wannan?

Baƙin beyar na Amurka ta Arewa, shi ne wanda ya fi yawa, an ƙiyasta sun haura 800,000 a nahiyar, Alaska kaɗai tana da wajen 100,000. Lokacin kuma daga tsakiyar Afrilu ne zuwa tsakiyar Yuni, wato sanda dusar ƙanƙara ke narkewa dabbar ta fito daga ramin da ta kwashe wata 5 zuwa 7 tana barci ba ci ba sha. Manyan maza su ke fara fitowa, mata masu jarirai su ne na ƙarshe. A Ontario misali daga 1 ga Mayu ne zuwa 15 ga Yuni, a Montana ana buɗewa 15 ga Afrilu.

Dan Allah a taƙaita mana, kawai a faɗi sunan wuri mu je.

Ai kuwa ba wanda zai baka, malam. Mafarauci ya gwammace ya ara maka motarshi da ya nuna maka kwarin da yake samu. Amma ko da ya nuna maka ma ba lallai ya amfane ka ba, dan wurin da ya cika da beyar ranar 5 ga Mayu kana iya zuwa ranar 25 ka tarar ko sawu babu. A wannan lokacin dabbar cikinta take bi. Ta fito a rame, wani ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinshi, daji kuma duk a bushe yake ko a rufe da ƙanƙara, 'ya'yan itace sai Yuli ko Agusta, to duk inda ɗanyen tsiro ya fara leƙowa nan za ta dosa, in ya tsufa ya yi tauri ta ƙara gaba. Yanda makiyayi ke bin sabuwar ciyawa bayan ruwan farko haka beyar ke bin bakin ƙanƙarar da ke ja da baya. Dan haka tambayar da ta kamata ita ce ina ne ya yi kore a satin da zan je.

In kuma yanki kake so a dunƙule, to ga su: arewacin Alberta wajen Peace River da Slave Lake, dazukan arewacin Saskatchewan da Manitoba, arewacin Ontario, tsibirin Vancouver da cikin British Columbia, dazukan Clearwater da Selway a Idaho, arewa maso yammacin Montana wajen Libby, sai kudu maso gabashin Alaska. Kowanne a cikinsu ya fi ƙarfin mutum ya zagaye shi da ƙafa.

To me yake ci a lokacin da har zan bi?

Ciyawa, wallahi ciyawa. Mutane na mamaki, amma beyar ɗin da ya fito daga rami kiwo yake yi, kai a ƙasa. Ɗanyar ciyawa mai taushi, ciyawar fadama, kuloba (wani ɗan tsiro mai ganye uku-uku), furen nan mai ruwan ɗorawa da ake ce ma dandeliyon wanda yake matuƙar so, tohon bishiyoyi irin aspen, har ɓawon itace yake ɓarewa ya kankare farin cikin mai zaƙi. In ya samu mushen dabbar da sanyi ya kashe ya yi sallah. Yana juya duwatsu da ruɓaɓɓun kututture dan tururuwa da tsutsa. A ƙoramun arewa akwai kifin da ke hawowa zuba ƙwai a watan Mayu, nan ma suna taruwa. Daga ƙarshen Mayu kuma manyan barewan can, mus da elk, suna haihuwa, beyar na bin wuraren yana kama jariran.

Kullum sai in ji ana cewa gangaren kudu, me ke nan?

A can arewa rana ta ɓangaren kudu take tafiya, shiyasa gefen dutsen da ya kalli kudu shi ke shan rana, ƙanƙararshi ta riga narkewa, ciyawa ta riga fitowa, alhali gefen da ya kalli arewa na nan fari fat a cikin inuwa. Sau da yawa ramin barcin yana gefen inuwar ne, kiwon kuma a gefen ranar. To wurin da ake nema shi ne inda biyun suka haɗu: fili mai kore a gangaren kudu ko kudu maso yamma, da duhun itatuwa kusa da shi inda zai shige ya kwanta, da ruwa a ƙasa. Beyar baya son ya yi nisa da maɓoya, bakin-bakin fili yake bi, da wuya ka ga babba a tsakiyar fage.

Akwai kuma hanyoyin da zaftarewar ƙanƙara ta share a jikin dutse, kamar an aske itatuwan daga sama har ƙasa. Waɗannan suna da danshi ga rana, tsiro na fitowa da kyau, kuma daga ɗaya gefen kwarin kana iya zama da madubin hangen nesa ka ƙare musu kallo. Yanda ake yi ke nan a Idaho da Montana da British Columbia: ka samu tudu mai kallon gangare uku ko huɗu ka zauna ka yi ta dubawa. Farkon lokaci ka tsaya ƙasa-ƙasa kusa da kogi, duk sati ka ƙara hawa, kana bin ɗan ƙasa da inda ƙanƙara ta tsaya. Inda ka ga ciyawa ta kai gwiwa to ka makara, inda kuma ƙasa ke ja ba kore ka yi sammako.

Mu da muke inda ba dutse fa, daji ne kawai shimfiɗe?

Nan ne aikin yake da wuya gaskiya. Dajin arewacin Saskatchewan ko Manitoba ko Ontario itace ne a cushe da tafkuna da fadamar da ke haɗiye ƙafa, wani wurin ko taku 30 baka gani gabanka. Sai ka nemi duk inda aka yaga dajin rana ta shiga. Layin bututun mai da na wayar lantarki, waɗanda a Alberta suna da yawa ƙwarai, tsofaffin hanyoyin motocin katako da aka rufe, galibi ma ana shuka musu kuloba da ciyawa dan kar ƙasa ta zaizaye, inda aka sare itatuwa shekaru kaɗan baya, inda gobara ta ci tsiro ya dawo, da bakin tafkunan da biba, wata dabbar ruwa mai tare ƙorama da itatuwa, ta datse. Hanyar katako da aka sa ma ƙofa mota bata shiga, ita na fi so duk cikinsu, ka taka a hankali da yamma iska na bugo fuskarka, kowace kwana ka tsaya ka leƙa kafin ka fita fili.

Can arewacin Alberta kuma inda gonaki suka ƙare daji ya fara, beyar na fitowa gonakin ciyawar shanu. Amma gona mai ita ne, sai da izini.

A Alaska fa, naji wai da jirgin ruwa ake yi?

Eh, a bakin teku. Wurare irin tsibirin Prince of Wales da mashigin teku na Prince William Sound, dajin ya sauko har bakin ruwa, abun da ke fara yin kore shi ne ciyawar da ke bakin ƙoramu inda suke shiga teku. Sai a bi gaɓa da ƙaramin jirgi ana dubawa, in an hango a sauka nesa a lallaɓa. Sai dai ruwan can yana cika yana janyewa da mita da yawa, in baka lura da jadawalin ba sai ka dawo ka tarar jirginka a kan taɓo, ko kuma ya yi nisa cikin ruwa. Wani abu kuma, a Alaska in jirgin sama ya kai ka daji ba zaka yi harbi a ranar ba sai bayan ƙarfe 3 na dare.

Zan iya fara bincike daga gida kafin in je?

Sosai ma, rabin aikin ke nan. Buɗe Google Earth ka karkata taswirar ka ga wane gefe ya kalli kudu, ka duba tsofaffin hotuna ka ga yaushe aka sare wuri ko ya ƙone. Manhajoji irin onX Hunt a Amurka da iHunter a Kanada suna nuna iyakar ƙasar gwamnati da ta mutane da lambar kowane yankin farauta. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel kyauta ne kuma ana sabunta su duk bayan 'yan kwanaki, da su zaka ga inda ƙanƙara ta tsaya a satin nan. Hukumomin namun daji da yawa suna wallafa adadin beyar da aka samu a kowane yanki, ka duba amma da hankali, dan yankin da aka fi kashewa wani lokaci yawan mutane ne ya kawo haka. Sannan ka ɗaga waya ka kira jami'in namun daji na yankin. Ka je mishi da tambaya takamaimai, kamar kwarin kaza yaushe hanyarshi ke buɗewa, zai fi sakin baki akan ka ce ina beyar yake.

Kar ka tafi da wuri ɗaya a kai. Ka shirya biyar ko shida masu bambancin tsawo, dan hanyar da taswira ta nuna lafiya lau kana iya tarar da ƙanƙara ta toshe ta ko ruwa ya cinye gada.

In na isa, da me zan gane wurin na da beyar?

Kashi. Ba abun ƙyama bane, shi ne jaridar daji. Na wannan lokaci cike yake da ciyawa, in sabo ne cikinshi kore ne shar da danshi, in ya kwana biyu sai ya yi baƙi ya bushe, ka sa sanda ka tona ka gani. Tsibi ɗaya wucewa ya yi. Tsibi biyar shida a ɗan tsakani, wasu sabbi wasu tsoffi, to nan gidan cin abincinshi ne, ka koma gefe ka jira yamma. Ka duba taɓo dan sawu, ka auna faɗin tafin ƙafar gaba, in ya kai inci 5 wato wajen santimita 13 to namiji ne ƙato. In kuma ka ga ƙananan sawu na biye da babba, uwa ce da 'ya'ya, ka bar musu wurin. Sauran alamun su ne kan ciyawa da aka datse, kututturen da aka farfasa, bishiyar da aka ɓare ma ɓawo da gashi maƙale a jiki.

Sai na yi nisa sosai cikin daji kafin in samu?

A'a. Mutane suna son labarin dajin Frank Church na Idaho mai eka sama da miliyan 2, ko Bob Marshall na Montana, kuma wurare ne na gaske, amma a watan Mayu ƙoramunsu sun cika sun batse da ruwan ƙanƙara mai sanyin kashe mutum, tsallaka su ba wasa bane. Kuma ka tuna duk abun da ka harba a bayanka zaka ɗauko shi, fata da kai da nama. Yawancin mutane basa yin nisa da mota, saboda haka tafiyar kilomita 2 ko 3 bayan ƙofar da aka kulle ta isa ta raba ka da su.

Wane lokaci na rana ya fi, kuma yaya batun iska?

Yamma, awa uku na ƙarshe kafin duhu. Ba sai ka yi asubanci ba, kuma a arewacin Alberta ƙarshen Mayu rana sai wajen ƙarfe 10 na dare take faɗuwa, ga lokaci nan isasshe. Ranar da aka yi ruwa sannan rana ta fito suna fitowa da wuri.

Iska kuwa ita ce komai. Idon beyar daidai gwargwado ne, amma hancinshi ya fi na kare, in ya shaƙi warinka ko ƙurarshi ba zaka gani ba. A dutse in rana ta yi zafi iska sama take hawa, da inuwa ta sauka sai ta juyo ƙasa, dan haka wurin zaman da ya yi daidai da la'asar kan iya tona maka asiri dab da magariba.

Gara farkon lokaci ko ƙarshe?

Farko fatar ta fi kyau, gashi cike, ba sauro, amma beyar ɗin basu gama fitowa ba kuma hanyoyi a toshe. Ƙarshen Mayu zuwa Yuni barbara ta fara, manyan maza suna yawo suna neman mata har da rana tsaka, sai dai wasu sun fara goge gashinsu a jikin itace fatar ta yi faci-faci, ga ganye ya rufe daji, ga baƙin ƙuda mai cizo da sauro da sai ka sa raga a fuska. Ni a ganina sati na biyu da na uku na Mayu su ne tsaka-tsaki a yawancin wurare.

Ko'ina aka yarda a yi?

Ina! Colorado ta hana farautar wannan lokaci tun 1992 ta hanyar ƙuri'ar jama'a, jihar Washington ta daina a 2022. Ontario ta soke a 1999, ta dawo da ita a matsayin gwaji a 2014, sannan ta tabbatar da ita a 2021. Babban dalilin masu adawa shi ne jarirai da ke zama marayu in an kashe uwa, kuma magana ce mai nauyi. Gandayen ƙasa irin Banff, Jasper, Glacier da Yellowstone ba a farauta a ciki sam. Inda ake yi shi ne ƙasar gwamnati, wadda a Ontario ta kai kashi 87 cikin ɗari, a British Columbia wajen kashi 94.

Maganar koto fa, ba ha'inci bane?

Ana ta cacar baki akai. A Saskatchewan, Manitoba, Ontario, Kubek, wasu yankunan Alberta da Idaho da Alaska an yarda a ajiye ganga da hatsi da maiƙo da tarkacen nama a zauna a kan bishiya ana jira. British Columbia da Montana sun hana. Masu yi suna cewa a dajin da baka ganin gabanka wannan ce hanyar da zaka kalli dabba da kyau ka tabbatar bata da 'ya'ya, kuma suna da gaskiyarsu. Ko da koton ma wuri ake zaɓa: kusa da ruwa, cikin duhun itace, inda iska zata kai warin cikin kwari, da nisa daga gidaje da hanya yanda doka ta ce.

Yaya zan gane mace mai 'ya'ya?

Haƙuri kawai. Kusan ko'ina haramun ne a doka harbin uwa da ke tare da jarirai. Ana haifansu a rami a Janairu ko Fabrairu ko rabin kilo basu kai ba, a watan Mayu har yanzu 'yan mitsi-mitsi ne, kuma uwar kan kora su saman bishiya ta fito kiwo ita kaɗai. Shiyasa zaka kalle ta tsawon lokaci, ka ga ko tana waiwayen bishiya ɗaya. Babban namiji kanshi faɗi ne, kunnuwa ƙanana a gefe, ƙafafun gaba kauri har ƙasa, ciki ya kusa ƙasa, tafiya da taƙama. Wanda ka ga kunnuwa zaƙo-zaƙo da dogayen ƙafafu yaro ne. In kana shakka ka ƙyale.

Girizli fa?

Wani nau'in beyar ne daban wanda ya fi baƙin girma da haɗari, yana nan a British Columbia, yammacin Alberta, Montana, Idaho, Wyoming, Yukon da Alaska, kuma gangaren da baƙin ke kiwo shi ma nan yake kiwo. Kar ka dogara da kala, dan a yamma baƙin beyar da yawa ruwan ƙasa ne ko jaja-jaja. Girizli yana da tozo a kafaɗa, fuska ta lotsa, kunnuwa gajeru, farata dogaye. A Amurka banda Alaska yana ƙarƙashin kariya tun 1975, British Columbia ta hana farautarshi a 2017, kashe shi bisa kuskure kotu ce. Montana ma sai ka ci jarrabawar bambance su kafin a sayar maka lasisi. Ka rataya feshin barkono na korar beyar a ƙugu inda hannu ke kaiwa, abinci kuma nesa da tanti.

Wanda ba ɗan ƙasa ba zai iya?

Zai iya, amma a yawancin lardunan Kanada dole ta hannun kamfanin farauta mai rijista ko ɗan jagora, kuma su ke da yankinsu, kaga zaɓen wuri ya koma zaɓen kamfani. Ka tambaye su mutum nawa suke ɗauka a shekara, faɗin yankinsu nawa, su baka lambar waɗanda suka je basu samu komai ba ka ji daga bakinsu. A Alaska wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba mazauni ba dole da jagora a duk babbar dabba. Mazaunin Kanada kuma sai ya yi kwas na farauta da na bindiga ya samu lasisi. Fitar da fata zuwa wata ƙasa na buƙatar takardar CITES, wato izinin yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, sayar da maɗaciyar beyar kuwa laifi ne a mafi yawan wurare.

Naman fa, ana ci?

Mutanen can suna ci, a sassa da yawa na Alaska ma doka ce ka kwaso naman in ka harba kafin 1 ga Yuni. Ta fuskar addini jumhurun malamai sun haramta naman dabba mai fiƙa da ke farauta da ita, mashhurin mazhabar Malikiyya kuma karhanci ne, wannan sai ka zauna da malaminka tun kafin ka sayi lasisi, ka kuma san wa zaka ba naman in kai ba zaka ci ba, dan yasar da shi a daji laifi ne a wurare da dama.

Ta fuskar lafiya akwai tsutsar tirikinela a naman, kuma irin ta arewa firiza bata kashe ta. A 2022 wani iyali a Dakota ta Kudu suka gasa naman beyar da aka harbo a arewacin Saskatchewan, ya fi wata guda a firiza, bai gasu sosai ba, mutum shida suka kamu harda waɗanda kayan lambun da aka haɗa da naman kawai suka ci. Dole cikin naman ya kai digiri 74 a ma'aunin selshiyos, a auna da ma'auni dan naman duhu gare shi ido baya ganewa, kuma kar a yi kilishi da shi.